Gam ɗin da ya ƙi kamawa: yadda al'adar wurin aiki take raya ƙirƙira ko ta binne ta

Duk wanda ya taɓa zama a ofis ya san 'yar takardar nan mai ruwan ɗorawa wadda ake mannawa a jikin fayil ko a gefen allon kwamfuta, a rubuta ɗan saƙo a kanta, idan an gama kuma a ɓare ta ba tare da ta yaga abin da ke ƙarƙashinta ba. Sunanta Post-it, kuma kamfanin 3M na ƙasar Amurka ne ya baza ta a kasuwa cikin watan Afrilun 1980. Gam ɗin da ke bayanta kuwa tun 1968 aka haɗa shi, kuma lokacin da aka haɗa shi ɗin asara aka ɗauke shi, domin gam mai ƙarfi aka je nema, aka dawo da wanda ko takarda ba ya iya riƙewa sosai. Shekara 12 ke nan tsakanin ɗakin gwaje-gwaje da kanti. Abin tambaya shi ne yadda aka yi abin da bai amfani kowa ba ya rayu tsawon wannan lokaci a cikin kamfanin da neman riba ya kafa shi, alhali a mafi yawan ma'aikatu mako guda ya isa a rufe fayil ɗinsa a manta da zancen.

Kafin a amsa, yana da kyau a raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Basirar ma'aikaci ita ce sabon tunani mai amfani da ya faɗo masa yana tsakiyar aikinsa. Ƙirƙira a ma'aikata kuwa sai wannan tunani ya bi ta hannun mutane da yawa, ya tsallake sa hannun manajoji da kasafin kuɗi da gwaji, har ya zama kayan da ake sayarwa ko sabuwar hanyar yin aiki da kowa ya ɗauka. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce inda yawancin shawarwari suke mutuwa, kuma al'adar wurin aiki ce take yanke hukuncin wadda za ta kai labari. Wannan al'ada ba a karanta ta a allon manufofin da aka rataye a ƙofar shiga. Sabon ma'aikaci yana koyon ta ne da ido, ta hanyar kallon abin da ya sami abokin aikinsa ranar da ya kawo shawarar da ba a nema ba, ko ya yi kuskure, ko ya gaya wa oga abin da oga ba ya son ji. Idan ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ba sai an ce masa ya shafa wa nasa ruwa ba, kuma daga ranar nan basirarsa ta zama tasa shi kaɗai, yana tafiya da ita gida kowace yamma.

Shi kansa 3M da kuskure ya fara rayuwa. Mutum biyar ne suka haɗa jari a 1902 a wani ƙaramin gari mai suna Two Harbors a jihar Minnesota, da niyyar haƙo wani dutse mai tauri da ake wasa ƙarfe da shi, sai da suka zuba kuɗi suka gano cewa abin da ke cikin filinsu wani dutse ne daban marar daraja. Dole ta sa suka koma yin samfefa, suka yi shekaru suna fama. A 1907 wani saurayi mai suna William McKnight ya kama aiki a matsayin mataimakin mai riƙe littafin kuɗi, kuma shi ne ya hau matakai har ya zama shugaban kamfanin a 1929, ya kuma jagoranci hukumar daraktocinsa daga 1949 zuwa 1966. Kusan duk abin da ake kira al'adar 3M a hannun wannan mutum aka gina shi, kuma darasin da ya fi tasiri a kansa wani ƙaramin ma'aikaci ne ya koya masa, ta hanyar ƙin bin umarninsa.

A farkon shekarun 1920 kamfanin ya ɗauki wani matashi, Richard Drew, wanda bai ma kammala karatun injiniya ba, aka sa shi kai samfurin samfefa gareji-gareji domin masu fentin mota su gwada. A lokacin ana yayin mota mai launi biyu. Mai fenti yakan rufe rabin motar da takarda, ya manne ta da gam mai ƙarfi, ya fesa wa ɗaya rabin fenti, amma idan ya zo ɓare takardar sai ta taso da sabon fentin da ke ƙarƙashinta, aikin kwana da kwanaki ya koma baya. Drew yana tsaye ya ji zagin da wani mai fenti yake surfawa, ya kuma ga abin da ya jawo shi. Samfefa aka aiko shi ya tallata, amma ya koma kamfani da wata matsala wadda ba ta cikin jadawalin aikinsa: a sami salatif da zai kama jikin mota, ya hana fenti ratsawa, ya kuma ɓaru lafiya. Ya yi ta gwaji ana ta faɗuwa, har McKnight ya gaji ya ce masa ya bar wannan shirme ya koma kan samfefa. Drew ya amsa da baki, ya ci gaba a ɓoye. A 1925 salatif ɗin rufe fenti ya fito, a 1930 kuma ya ƙara da salatif mai haske wanda ya yi suna da Scotch, kuma waɗannan biyun ne suka fitar da 3M daga sahun ƙananan masu samfefa.

Wani shugaban da ya hukunta yaron saboda taurin kai, wani kuma da ya karɓi ribar ya yi shiru kamar shi ya ba da umarnin. McKnight ya ɗauki abin a matsayin shaida a kan kansa, cewa ya kusa kashe abin da ya ceci kamfanin, kuma zai iya sake yin haka gobe idan bai ɗaure hannunsa da kansa ba. A 1948 ya rubuta wa manajojinsa ƙa'idar da har yau ake maimaitawa, wadda ma'anarta ita ce: yayin da kamfani yake girma dole a sakar wa mutane mara, za su so yin aiki ta hanyarsu kuma za su yi kurakurai, amma kuskuren mutumin kirki bai kai girman kuskuren shugabannin da suka ce sai sun tsara wa kowa yadda zai motsa ba, kuma shugabancin da yake ragargazar mutum idan ya yi kuskure yana kashe ƙwazo. Daga wannan tunani aka sami dokar kashi 15 cikin 100, wadda ta ba ma'aikatan bincike damar kashe wannan kaso na lokacin aikinsu a kan abin da suka zaɓa da kansu. Babu mai riƙe agogo yana auna kashi 15 ɗin, wasu ma ba sa taɓa amfani da shi. Amfaninsa na gaskiya shi ne ya zama garkuwa: idan manaja ya tarar da kai kana wani aiki da bai sa ka ba, kana da amsar da kamfani da kansa ya ba ka, ba sai ka yi abin da Drew ya yi a ɓoye ba.

Lokaci kaɗai bai isa ba, shi ya sa aka kewaye shi da wasu tsare-tsare. A 1951 masana kimiyyar kamfanin suka kafa wani zaure na kansu inda kowa yake nuna wa 'yan'uwansa abin da yake gwadawa, ko ya yi nasara ko bai yi ba. Aka kuma tsayar da fahimtar cewa kaya na sashen da ya ƙera su ne, amma ilimin da aka ƙera su da shi na kamfani ne gaba ɗaya, don haka ba wanda zai rufe ɗakinsa ya ce kada maƙwabci ya leƙa. Aka buɗe tsani biyu na ƙarin girma, ta yadda gwanin bincike zai iya kai albashi da darajar babban manaja ba tare da an ɗauke shi daga ɗakin gwaje-gwaje an ɗora shi kan tarurruka ba, abin da a wurare da yawa yake sa a rasa injiniya nagari a kuma sami manaja marar daɗi lokaci guda. A 1984 aka ƙara da wani asusun tallafi wanda ma'aikaci zai nemi kuɗin gwaji daga gare shi idan sashensa ya ƙi ɗaukar nauyin shawararsa. Duk waɗannan manufarsu ɗaya ce: kada “a'a” ɗin mutum ɗaya ta zama ƙarshen zance.

A cikin wannan gida ne Spencer Silver, masanin haɗa sinadarai, ya sami gam ɗinsa a 1968. Gam ne da ya ƙunshi wasu ƙananan ƙwayoyi masu danƙo waɗanda ba sa narkewa su baje, don haka ɗan taɓa abu kawai suke yi, a cire a sake mannawa. Silver ya yi kusan shekara biyar yana yawo da shi daga sashe zuwa sashe yana neman wanda zai gaya masa amfaninsa, ba a kore shi ba, ba a kuma ba shi takardar tuhuma kan ɓata lokacin kamfani ba. Cikin waɗanda suka ji bayaninsa akwai Art Fry, wanda yake cikin mawaƙan cocinsu, kuma yakan sa guntayen takardu a littafin waƙoƙi domin alamar shafi, su yi ta zubewa ƙasa da ya buɗe littafin. A 1974 abin ya haɗu a kansa: ga matsala a hannunsa, ga kuma magani can a wani sashe yana neman ciwo. Ya yi amfani da kashi 15 ɗinsa ya fara gwaji. Da farko alamar shafi kawai ya ɗauke ta, sai ranar da ya rubuta tambaya a kan guntu ɗaya ya manna a rahoton da ya aika wa ogansa, rahoton ya dawo da amsa a rubuce a kan wannan guntun dai, a nan ya gane cewa wata sabuwar hanyar aika saƙo ce. Launin ɗorawar ma ba shawarar kowa ba ce, ragowar takardun da aka samu a ɗakin gwajin da ke kusa ne suka zo da wannan launi.

Ko a nan tsugunne ba ta ƙare ba. Da aka gwada sayar da ita a birane huɗu a 1977 da sunan Press 'n Peel, kasuwa ta yi sanyi, domin ba wanda zai sayi abin da bai san yana bukata ba. Maimakon a binne ta, a 1978 aka cika ofisoshin birnin Boise na jihar Idaho da samfur kyauta, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka gwada suka ce za su saya. Idan aka ƙirga, sau uku ko huɗu wannan abu ya cancanci mutuwa a bisa lissafin akanta, kuma kowane karo akwai wata ƙofa a buɗe da ta cece shi.

Adalci ne a faɗi cewa wannan salon yana da tsada, kuma akanta ba mahaukaci ba ne. A kan kowace Post-it akwai gwaje-gwaje da yawa da suka ci kuɗi suka tafi ba labari. A 2001 kamfanin ya ɗauko James McNerney daga General Electric, shugaba na farko da ya zo daga waje, ya rage dubban ma'aikata, ya kuma shimfiɗa tsarin Six Sigma, wanda Motorola ya fara a 1986 domin rage kuskure a masana'anta zuwa kusan 3.4 cikin miliyan ɗaya. Riba ta ƙaru, masu hannun jari suka yi murna. Matsalar ta zo ne da aka shigar da wannan ma'auni ɗakin bincike, aka fara tambayar mai gwaji tun ranar farko wace kasuwa abinsa zai shiga da nawa zai kawo. Silver da a 1968 aka yi masa wannan tambaya, da ba shi da amsa. Masu bincike suka karkata ga ƙananan gyare-gyaren da suke da tabbas, suka guji abin da ba a san ƙarshensa ba. Da McNerney ya koma Boeing a 2005, magajinsa George Buckley ya sassauta tsarin a ɗakunan bincike ya bar shi a masana'antu, bisa hujjar cewa gano sabon abu ba ya bin layi. A ganina nan ne gwanintar shugabanci take: ya san wane ɗaki ne yake bukatar a ƙirga kowane kuskure, wane ɗaki ne kuma kuskure yake cikin kayan aikinsa.

Binciken masana ya goyi bayan wannan. Teresa Amabile ta Jami'ar Harvard, wadda ta shafe shekaru tana nazarin basira a wurin aiki, ta nuna cewa abu uku ne suke haɗuwa su haifar da ita: sanin aikin, iya juya matsala a kalle ta ta wata fuska, da kuma son aikin domin kansa. Na ukun ne ya fi saurin lalacewa a hannun shugaba. Ita da abokan aikinta sun tattara bayanan yau da kullum kusan 12,000 daga ma'aikata 238 a kamfanoni bakwai, suka ga cewa abin da ya fi ɗaga wa mutum gwiwa shi ne ya ga aikinsa mai ma'ana ya ɗan ci gaba, kuma matsin lokaci mai tsanani yawanci rage sabon tunani yake yi, ko da mutumin yana jin kamar wuta ce take sa shi ƙoƙari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada a ɗauka wannan zance na masu farar riga ne a ɗakin gwaje-gwaje kaɗai. Misalin da ya fi ƙarfi a wajena daga bakin layin haɗa motoci ya fito. Kamfanin General Motors yana da masana'anta a Fremont ta jihar Kalifoniya wadda ta yi ƙaurin suna: shaye-shaye a bakin aiki, yajin aiki ba gaira ba dalili, kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya zuwa a rana, motocin kuma cike da aibu. Dokar gidan ita ce layi ba ya tsayawa ko me ya faru, idan ka ga an ɗaura abu a karkace ka bar shi ya wuce, a gyara a can ƙarshe. An rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da sunan NUMMI, haɗin gwiwa da Toyota na Japan, kuma mafi yawan waɗanda aka ɗauka tsoffin ma'aikatan nan ne dai, da ƙungiyar ƙwadagonsu. An kwashi ɗaruruwansu zuwa masana'antar Takaoka a Japan domin horo. Cikin ɗan lokaci ingancin motocin ya kai sahun gaba a duk masana'antun General Motors, fashin zuwa aiki kuma ya sauko zuwa kusan kashi 2 cikin 100. Mutanen ba su canza ba, ginin ma shi ne.

Abin da suka tarar a Japan wata igiya ce da ta bi saman layi daga farko har ƙarshe, wadda ake kira andon. Mai ɗaura kujera, misali, yana da kusan minti ɗaya a kan kowace mota. Idan noti ya ƙi shiga daidai, sai ya miƙa hannu ya ja igiyar, fitila ta kama a allo, wani kiɗa ya tashi, shugaban rukuninsa ya iso da sauri, kuma zuwansa na taimako ne. Idan sun gyara kafin motar ta kai wata alama da aka shata a ƙasa, layi ya ci gaba, idan ba su gyara ba layin ya tsaya har sai an warware. Bayan haka ake zama a yi ta tambayar dalili, dalilin dalilin kuma, har sau biyar kamar yadda Taiichi Ohno, babban injiniyan Toyota, ya koyar, domin a kai ga tushen matsalar maimakon a tsaya a kan wanda ta fashe a hannunsa. Asalin tunanin daga masaƙa ya zo, domin Sakichi Toyoda, mahaifin wanda ya kafa kamfanin motocin Toyota, ya ƙera injin saƙa da yake tsayawa da kansa idan zare ɗaya ya tsinke. Tun 1951 kuma Toyota yake da tsarin karɓar shawarwarin ma'aikata, wanda Eiji Toyoda, ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin, ya kwaso daga ziyarar da ya kai masana'antar Ford a 1950. Yawancin shawarwarin ƙanana ne, a matso da akwatin noti kusa, a sauya tsayin tebur, amma ana amsa su da wuri, kuma sau da yawa wanda ya kawo shawara shi ne yake aiwatar da ita. Mun saba cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai a bakin layi mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai abu biyu a nan da ake yawan tsallakewa. Na farko, ma'aikaci ba zai nuna maka hanyar da mutum huɗu za su yi aikin mutum biyar ba idan ya san shi ne na biyar ɗin. Yarjejeniyar NUMMI ta ce ba za a sallami ma'aikata ba sai idan rayuwar kamfanin ce take cikin haɗari, kuma kafin nan sai an rage albashin manya. Da kasuwa ta faɗi a 1988, masana'antar tana aiki da kusan kashi 60 cikin 100 na ƙarfinta, ba a sallami kowa ba, aka tura rarar mutane horo da aikin gyare-gyare, kuma wannan ya fi kowane jawabi sayen amana. Na biyu ya shafi duk al'ummar da take girmama na gaba, har da tamu. Japanawa ba su gaza kowa ba wajen kunya da kara ga babba, kuma Toyota bai ce yaro ya tashi a taro ya ƙaryata ogansa ba. Ya ba shi igiya ne, wato hanyar da zai ce akwai matsala ba tare da ya ci fuskar kowa ba, ya kuma mayar da jan ta wajibi. General Motors ya yi ƙoƙarin kwaikwayon kayan a wasu masana'antunsa, kamar ta Van Nuys, amma inda aka rataye igiya aka bar manajan da ake auna shi da yawan motocin da suka fita, ba wanda ya yi gangancin taɓa ta. An rufe NUMMI a 2010 bayan karayar General Motors, Tesla ya sayi ginin.

Wannan yanayi da mutum zai buɗe baki ba tare da tsoron wulaƙanci ba shi ne Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi suna da nazarinsa. A shekarun 1990 ta bibiyi kurakuran ba da magani a asibitoci biyu, tana tsammanin rukunin da suka fi jituwa da shugabanci nagari su ne za su fi ƙarancin kuskure, sai lissafi ya nuna su ne suka fi yawa. Da aka bincika, ashe ba yin kuskure suka fi ba, faɗarsa suka fi yi, sauran kuwa ɓoyewa suke. Google ma, da ya nazarci rukunonin ma'aikatansa 180 tun daga 2012, wannan kwanciyar hankali ya samu a kan gaba cikin abubuwan da suke bambanta rukuni mai nasara da saura.

Kishiyar haka ta faru a kamfanin da kowa a nan ya riƙe wayarsa, tun zamanin Nokia mai tocila. Lokacin da iPhone ta fito a 2007, kusan waya huɗu cikin kowace goma da ake sayarwa a duniya ta Nokia ce, kuma yana da injiniyoyi da kuɗin bincike fiye da bukata. Masana biyu, Timo Vuori da Quy Huy, sun yi hira 76 da manya da matsakaitan manajoji da injiniyoyi, suka wallafa sakamakon a 2016. Abin da suka samu tsoro ne mai hawa biyu. Manya suna tsoron abokan hamayya da masu hannun jari, don haka suna matsa wa na ƙasa da zafi, matsakaita kuma suna tsoron manya, don haka suna kai musu rahoto mai daɗi game da Symbian, manhajar da take tafiyar da wayoyinsu, alhali sun san ta tsufa ba za ta iya gasar ba. Kowa ya san gaskiya a ɗakinsa, amma ba ta hau bene ba sai da lokaci ya ƙure, kuma a 2014 sashen wayoyin ya koma hannun Microsoft. Labarin Kodak, kamfanin kyamara da fim ɗin hoto, ya ɗan bambanta, domin an saurari Steven Sasson da ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, mai ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset, an ma yi mata rajistar mallaka. Ribar fim da wankin hoto ce ta yi wa kamfanin daɗi har ya kasa gaggawar rungumar abin da zai kashe ta, ya kuma nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a watan Janairun 2012.

Sai dai kada a bar 3M da yabo zalla, domin gidan da yake maraba da sabuwar shawara ba lallai ne ya yi maraba da mummunan labari ba, kuma waɗannan ƙofofi biyu ne daban. Ɗaya daga cikin labaran da kamfanin yake alfahari da su shi ne na Scotchgard, maganin da yake hana ruwa da maiƙo kama tufafi da kujeru, wanda Patsy Sherman da Samuel Smith suka gano a farkon shekarun 1950 bayan wani sinadari ya zube a kan takalmin wata ma'aikaciya ya ƙi wankuwa. Abin da ya sa ya yi amfani, wato ƙin narkewa da ƙin ruɓewa, shi ne kuma illarsa, domin sinadaran wannan dangi, da ake kira PFAS, suna taruwa a ruwa da ƙasa da jinin mutane su daɗe. Takardun cikin gida da suka fito a shari'ar da jihar Minnesota ta shigar sun nuna cewa tun shekarun 1970 akwai masu sani a kamfanin cewa sinadarin yana cikin jinin jama'a kuma yana cutar da dabbobin gwaji. Mai sabon gam yana da zaure da lokaci da asusun tallafi, amma mai wannan labari bai sami igiyar da zai ja layi ya tsaya ba, har wani masanin muhalli na kamfanin ya ajiye aiki a 1999 yana ƙorafin yadda ake jan ƙafa a kan batun. Sai a watan Mayun 2000 aka sanar da daina ƙera babban sinadarin da ke cikin Scotchgard. A 2018 kamfanin ya biya Minnesota dala miliyan 850, a watan Yunin 2023 kuma ya amince zai biya hukumomin ruwan sha na Amurka aƙalla dala biliyan 10.3 cikin shekara 13, ba tare da ya amsa laifi ba.